Baba Reza da Yawun Rediyo

Idan ka shiga asibitin ta ƙofar baya, inda ake sauke kwalayen magani, ka bi dogon barandan nan da babu mai zama a kan bencinsa, wari ne zai fara yi maka maraba kafin ka ga ƙofar ɗakin Baba Reza. Warin ruwan ajiye nama ne, mai sa hanci yaji, haɗe da na narkakken kyandir. Baƙo kan toshe hanci. Mai ɗakin kuwa ya ce rabonsa da jin wani wari a wurin tun yana da baƙin gashi.

Ɗalibai ne suka laƙa masa sunan, sunan kuma ya bi shi har unguwa. Sana'arsa yanka ce, amma ba irin ta kasuwa ba. Duk ɗan naman da likita ya ciro daga jikin mutum don a duba, nan ake kawo shi a 'yar kwalba. A tsane shi, a binne shi a cikin kakin kyandir har ya daskare ya zama ɗan dunƙule, sannan Baba Reza ya ɗaura shi a injin yanka. Injin na hannu ne. Yana juyawa, dunƙulen na hawa yana sauka a bakin reza, kowace sauka ta fitar da falle wanda ɓawon albasa ma ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. A shimfiɗa fallen a kan ruwan ɗumi ya miƙe, a kwaso shi da ɗan gilashi, abokiyar aikinsa Mai Rini ta tsoma shi a shuɗi da ja. Daga nan sai teburin Likita, wanda zai duba a madubi mai ƙara girman abu ya faɗi abin da ke damun mai naman.

Da wankin gilasai ya fara yana saurayi, har hannunsa ya kai ga injin, kuma tun da ya hau kujerar nan bai nemi wata ba. An taɓa yi masa tayin ofis, ya ce shi da takarda sai dai gaisuwa. Ba shi da yawan magana. Idan falle ya yi masa gardama yana nannaɗewa, ba ya tsaki, sai ya sunkuya ya hura wa dunƙulen hucin bakinsa kamar mai shirin goge tabarau, danshin numfashin ya sa fallen ya kwanta. Dokokin ɗakin biyu ne, ba a rubuce suke ba, kuma shi ne ke yi wa sababbin ma'aikata huɗubarsu. Ta farko, naman ɗan'uwanka ba naka ba ne, ka miƙa wa wani ya yanka. Ta biyu, ba a cinye dunƙule. Ko yaya ne ka bar saura, don Likita na iya dawowa ya ce a ƙara wani gwaji. "Nama ba ya tsirowa a cikin kyandir," haka yake ce musu.

Kowace shekara shi ke yanka wa ɗalibai gilasan koyo: hanta, ƙoda, fata, hanji. Amma a duk jikin ɗan Adam babu abin da ke ba shi sha'awa kamar mabuɓɓugar yawu. Mu da ba mu sani ba mun ɗauka yawu ruwa ne kawai da ke zuwa don kansa. Ashe manyan mabuɓɓugai ne a kowane gefen fuska: ɗaya a gaban kunne, wadda kan kumbura in yaro ya yi hangum, ɗaya a ƙarƙashin muƙamuƙi, ɗaya a ƙarƙashin harshe. Ga kuma ƙanana birjik a cikin leɓe, in ka goga harshenka za ka ji su tsaba-tsaba. A madubi kuwa 'yan jakunkuna ne curi-curi kamar inabi a reshe. Wasu rini ya kama su sun yi duhu, su ke fitar da tsinkakken ruwa. Wasu farare tas, su ke ba da yauƙin da ke sa loma ta zame. Wani lokaci ka ga mai duhun ta ɗare a kan farar kamar jinjirin wata. Daga kowace jaka wata siririyar magudana ta fita, ta haɗu da 'yar'uwarta su zama babba mai zane-zane a bango, inda jiki ke janye gishirinsa don kada ya yi asara, haka dai har su faɗa wadda ke buɗewa a cikin baki. In ya gama yanka irin wannan gilashin yakan daɗe a kan madubi fiye da yadda aikin ke bukata.

A gida babu mai sauraron wannan karatu sai matarsa, ita ma don ta sami abin tsokana ne. Tela ce, kekenta na bakin taga. Allah ya ba ta baki, ya kuma ba ta abin faɗa. Tana taka keke tana labari, fil a leɓe bai taɓa hana ta ba. Mata kan kawo ɗinki su zauna hira har su tashi ba a yi awon ba. Shi ya sa mata Rediyo, ita kuma ta rama da Mahauci.

"Mahaucin da bai taɓa shigo mana da ko tsoka ɗaya ba," takan ce wa maƙwabta, yana zaune yana ji. Ranar da ya zana mata jakunkunan yawu a bayan kwalin ashana, ta duba, ta dube shi. "Wato duk ilimin duniyar nan, Malam, ka rasa abin da za ka ƙware a kai sai abin da mutane ke tofarwa a kwata?"

"Ke ai kin fi kowa cin moriyarsa," ya ce. Ta yi dariya har ta ɓata layin ɗinki.

Ciwon ya shigo ba sallama. Wata rana ta sa bakin zare a leɓe za ta zura allura, zaren ya fito a bushe, a tarwatse. Ta sake, haka. Ta tsoma yatsa a kofi ta murza shi. Daga baya burodi ya fara tsaya mata a wuya. Sai kofin ruwa ya zama abokin tafiya, ɗaya kan keke, ɗaya a kicin, ɗaya a gefen gado. Idanu suka riƙa yi mata kamar an watsa yashi. Harshe ya yi ja ya tsattsage, haƙoran da ba su taɓa ciwo ba suka fara ruɓewa daga gindi. Abin da ya fi komai ci mata rai shi ne magana. Ta ɗauko zance, kafin ta kai tsakiya harshen ya manne a ganɗa, sai ta tsaya ta kurɓi ruwa, kafin ta dawo daɗin labarin ya wuce. Masu ɗinki suka koma ajiye yadi su tafi. 'Yarsu da ke aure a nesa ta fara tambaya ko laifi ta yi da Mama ke yanke waya da wuri. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana roƙon a rage masa sauti, sai ga shi yana jefa zance don a tanka masa.

Babu abin da ba a gwada ba. An auna sukari, babu. An ce ta tsotsi lemun tsami, ya ƙona mata harshe. An ce cingam, ya manne mata a haƙori. Kowace maƙwabciya da nata maganin, kowa kuma ya rantse nasa ne ya warkar da wata a dangi. Likitan da ke duba ta ya ba ta wata ƙwaya mai matsa mabuɓɓugar ta ba da abin da take da shi. Ta sha, gumi ya jiƙa mata riga sharkaf, bakin na nan yadda yake. Ya ce a ƙara haƙuri, ƙwayar kan yi aiki in da sauran abin matsawa. Daga ranar tambaya ɗaya ce ta zauna a gidan, ba mai furta ta: da sauran, ko babu? Don a ga amsar, a kuma san sunan ciwon, aka tsaga cikin leɓenta na ƙasa aka ciro 'yan tsabar nan, aka ɗinke.

Kwalbar ta iso ɗakin da lamba kamar kowace, amma Baba Reza bai bukaci karanta takardar ba. Abin da ke ciki bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Da aka gama binne shi a kyandir, Mai Rini ta miƙo hannu. Ta iya yanka ita ma, kuma sun daɗe tare har ba ta jin nauyin faɗa masa gaskiya.

"Kawo nan, Baba."

"Ƙarami ne ƙwarai. Kin san hannunki kan yi nauyi a kan ƙananan."

"Na sani. Amma dokar wa ce?"

"Tawa ce. Ni ne kuma nake roƙo."

Ta dube shi, ta ga yadda idonsa ya faɗa, ta janye hannunta. Tausayi ne, kuma da za a tambaye ta yau za ta ce da ta sani da ta yi masa rashin kunya.

Ya sa sabuwar reza. Fallen farko ya nannaɗe. Ya sunkuya zai hura, sai ya tuna leɓen wa ne a gaban bakinsa, ya tsaya. Sannan ya hura. Danshin ya sauka a kan kyandir, fallen ya miƙe lafiya lau, shi kuma ya tuna abin da ya zubar yanzu a banza shi ne mai naman ke nema ruwa a jallo.

Al'adar aikin ce mai yanka ya fara leƙa gilashin ya tabbatar falle bai yage ba, rini ya kama. Faɗin abin da ke ciki ba huruminsa ba ne. Amma ido ba ya neman izini. Inabin babu. Inda ya kamata jakunkuna su cika fili sai tabo da ramukan kitse, ga wasu ƙananan ɗigo-ɗigo masu duhun shuɗi sun yanyame magudanai kamar tururuwa a kan sukari. Ya san su. Ƙwayoyin jini ne masu tsaron jiki, waɗanda wani lokaci kan juya su far wa gidan da suke gadi. Magudanan kuwa suna nan a tsaye, bakinsu a buɗe, har sun fi na lafiya faɗi.

"A ɗan ƙara zurfi," ya ce. Wannan ba laifi ba ne, kowa na yi, don abin da ke sama ba lallai shi ne a ƙasa ba. Mai Rini ta rina. A gefen falle na biyu ya hango rabin wata jaka, ƙanƙantacciya, a takure, amma jaka ce. Ita ta ja shi. Ya ce a ransa tunda ga gefenta a nan, cikinta na ƙasa, 'yan'uwanta kuma na bayanta. Ya sake yanka, ta sake rinawa. Jakar ta ɓace, ba wata a madadinta.

"Ya isa haka," in ji Mai Rini. "Ka bar wa Likita saura. Tashi mu je ka sa wani abu a cikinka."

"Je ki, ina zuwa."

Ta sauke dunƙulen daga injin da hannunta, ta ajiye a tire, ta fita cin abincin rana. Kafin takunta ya ɓace a baranda ya mayar da shi. Ya yanka, ya rina da kansa, ya leƙa. Ya sake. Ba ya tunanin doka, ba ya tunanin Likita. Abin da yake so kawai shi ne curi ɗaya mai rai, ko da ƙarami ne, wanda zai koma gida ya ce ya gani da idonsa, ta ci gaba da shan ƙwaya. Naman na ƙara ƙanƙancewa a kowane falle, yana gani, hannunsa kuma bai bar juyawa ba. Har fallen ya fara fitowa fari fat, kyandir zalla.

Da Mai Rini ta dawo ta tarar da gilasai jere daga wannan bakin tebur zuwa wancan. Ta cire dunƙulen ta ɗaga shi ga hasken taga. Ta daɗe tana kallo, ko da yake babu abin kallo. Ta ajiye shi a hankali ta zauna, ba ta ce masa ai na faɗa maka ba.

Washegari da safe ya kai gilasan da kansa. Likitan nan a gabansa ya yi ɗalibta, da gilasansa ya koyi aiki, shi ya sa har yau Baba yake ce masa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai yi mamakin yawansu a fili ba. Ya ce alamu sun nuna ciwon nan ne da jiki ke cin mabuɓɓugansa, na baki da na ido. Ya ƙara da cewa kada a yanke ƙauna, 'yar tsabar leɓe ba ta magana da yawun manyan da ke gefen fuska gaba ɗaya. Baba Reza ya gyaɗa kai don ladabi, amma shi ne ke kwana da mai bakin.

"Sai dai akwai wani taron ƙwayoyi a nan da nake so in tabbatar ba wani abu ba ne daban," Likita ya ce, idonsa na kan madubi. "Rini na musamman yake so, kuma sai sabon falle. A kawo mini dunƙulen."

Baba Reza ya ɗora shi a kan teburin. Likita ya juya shi, ya sake juyawa.

"Wa ya yanka?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Da wani ne da an ji muryar Likita har baranda. Ya cire tabarau ya murza ido. "Baba, to sai an sake ciro wani. Ba ni da wata dabara." Baba Reza ma ba shi da ita. Ya tsaya nan kamar ɗalibi, hannu a baya, har aka ce ya je.

Da la'asar ya isa gida. Tana kicin, albasa na soyuwa, kofinta a gefen murhu. Kumburin leɓen bai saɓe ba, baki marar yawu ba ya saurin warkewa, kuma gefe guda ya mutu mata tun ranar tsagar, ruwa kan zubo ta nan ba ta sani ba. Ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa. Bai iya kwana-kwana ba, don haka ya faɗa mata yadda aka yi tiryan-tiryan: shi ya yanka, ya wuce inda ya kamata ya tsaya, babu saura, Likita na son a sake tsaga leɓen.

Ta zuba tumatir, ta juya, ta rage wuta. Ta kurɓi ruwa.

"Kai da kanka?"

"Ni da kaina."

"Me kake nema?"

"Ko curi ɗaya."

"Ka samu?"

Ya yi niyyar ya ce Likita ya ce kada a yanke ƙauna. Gaskiya ce, ya faɗa. Amma ba abin da ta tambaya ke nan ba, kuma bai taɓa iya yi mata ƙarya ta zauna ba. "Rabi na gani, ya ɓace. Magudanan dai suna nan."

"Magudana," ta ce. Ta sake kurɓa. "To in sun sake yanka, ruwan zai dawo?"

"A'a. Za su tabbatar da sunan ciwon, su san ba wani ba ne."

"Suna." Ta so ta yi masa irin dariyarta, leɓen ya hana. "Mahauci, leɓen ƙasa ɗaya gare ni. Ka bar ni in yi tunani."

Ya buɗe baki zai ce gwajin na da muhimmanci, ya tuna wa ya cinye na farkon, ya rufe. Ta juya masa baya tana motsa miyar. Kafaɗunta suka fara rawa, numfashinta na sarƙewa, ya gane kuka take. Da ta waiwayo neman murfin tukunya fuskarta a bushe take ƙamas, idanun ja, ko ɗigo babu. Da hawaye ne da ya san abin da zai yi da hannunsa. Haka ya zauna yana kallo, bai taɓa jin kansa ba shi da amfani irin na wannan lokacin ba.

Ta zuba masa shinkafa da miya ta ajiye a gabansa, ita ta koma gefe da ɗan ruwan miyar a kofi. Bai sa komai a cikinsa ba tun jiya. Tururin ya daki hancinsa, nan take bakinsa ya cika, daga gaban kunne, daga ƙarƙashin harshe, ko'ina na zubowa, babu wanda ya roƙe shi. Kunya ta kama shi. Ya riƙe abin a baki, ya kau da kai wajen bango, ya jira ta motsa cokali ko ƙarar za ta rufe masa asiri. Ba ta motsa ba. Ya haɗiya a hankali yadda ya iya.

"Na ji ka, Malam," ta ce. "Ci abincinka. Ba yawuna ka ɗauka ba."